Taurarin Kaka da Hunturu: Abin da Ido Zai Iya Gani Ba Tare da Na'ura Ba

Ga masu son karantawa maimakon saurare, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau sama za mu kalla. Daga watan Oktoba zuwa Fabrairu, wato daga kaka har cikin hunturu, damina ta tafi da gizagizanta, kuma taurarin da suka fi kowanne haske a shekara a wannan lokacin suke fitowa da daddare. Mutane da yawa sun ɗauka sai mai na'urar hangen nesa ne zai iya gane su. A'a. Taurari uku kawai za ka riƙe, su za su kai ka wajen sauran.

A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ka fuskanci gabas. Za ka ga taurari uku a jere, tazararsu kusan ɗaya, kamar an dasa su da igiya. Su ne ɗamarar tarin taurarin da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa kuma Jauza'u. A wajenmu idan suna fitowa, a tsaye za ka gan su, ɗaya bisa ɗaya. Ta hagunsu akwai wani tauraro mai ja-ja, shi ne Betaljus, tsohon tauraro ne da ya kumbura har ya ninka rana girma sau ɗaruruwa. Ta dama kuma akwai Rijil, fari mai shuɗi-shuɗi. Bambancin launin nan na zafi ne: mai shuɗin ya fi mai jan zafi nesa ba kusa ba.

To, ka ja layi da idonka daga ukun nan zuwa sama. Za ka fara cin karo da wani mai ruwan lemo, Aldabaran. Ka wuce shi kaɗan, sai ga wani ɗan curin taurari sun taru wuri guda. Wannan kam iyayenmu sun san shi, shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wanda malamai ke kira Surayya. Mai lafiyar ido zai ƙirga shida ko bakwai, amma curin ya ƙunshi taurari fiye da 1,000. Shi ma sunan Aldabaran daga nan ya samo asali, ma'anarsa mai bin baya, don kullum yana biye da Surayya.

Yanzu ka dawo kan ukun, ka ja layin zuwa ƙasa. Idan dare ya ɗan ƙara yi, wani tauraro zai ɓullo yana walƙiya kamar ana kunna shi ana kashewa. Wannan shi ne Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, Turawa na ce masa Siriyus. Duk cikin taurarin dare babu wanda ya kai shi haske. Wani ɓangare na dalilin shi ne kusancinsa: haskensa shekara takwas da 'yan watanni yake yi kafin ya iso mu. Ku tuna haske na gudun kilomita 300,000 ne a daƙiƙa ɗaya. Na Kaza da 'Ya'yanta kuwa sai ya yi shekara wajen 440 a hanya.

Akwai wata garaɓasa da mu muke da ita. A watan Janairu da Fabrairu, idan Shi'ira ya hau sama, ka sauke idonka can ƙasa ta kudu, za ka ga Suhailu, na biyu a haske bayan Shi'ira. Mutumin Landan ko Faris ba zai taɓa ganin sa daga gida ba, domin ba ya ɓullowa a samansu. Mu kuwa a Kano, ko Zinder, ko Sakkwato, ko a tsakar gida ana ganin sa in dai bango ko bishiya ba su tare ba.

Sai abu mafi nisa da idon ɗan Adam ke iya gani cikin sauƙi. A Nuwamba, wajen ƙarfe tara, ka juya arewa, ka nemi taurari biyar masu siffar harafin M. Sama da su akwai wani ɗan hazo-hazo, kamar an shafa alli da yatsa. Ba gajimare ba ne, gungun taurari ne sukutum mai suna Andiromeda, kuma hasken da ke shiga idonka ya baro can shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Masanin taurari Abdurrahman al-Sufi ya bayyana shi a littafinsa tun wajen shekarar 964, ba shi da komai sai ido. Amma fa wannan sai a wuri mai duhu sosai.

Ga masu son ganin taurari na faɗowa, ku riƙe daren 13 zuwa 14 ga Disamba. A gaskiya ba taurari ba ne ke faɗowa, 'yan ɓarɓashin dutse ne, yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero ba, suke ƙonewa idan sun shigo iskar duniya da gudu. Kowace shekara a wannan lokacin duniya ke ratsa ta cikin ƙurar da wani dutsen sama ya bari. Idan babu farin wata, sai ka gaji da ƙirga.

Yanzu 'yan shawarwari. Na farko, ka zaɓi daren da wata bai fito ba, wato ƙarshen watan Musulunci ko farkonsa. Na biyu, ka nisanci fitilar titi da ta sola, ka ajiye waya, domin ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai farko. Na uku, kada ka yi jinkiri. Idan ƙurar hunturu ta sauka sosai, taurari marasa ƙarfi duk sai su ɓace, don haka daren da ka ga sama ta washe, ka fita. Ka ɗauki bargo da tabarma, kwanciya ta fi ɗaga wuya daɗi. Kuma ka sani kowane tauraro na fitowa da wuri da kusan minti huɗu a kowane dare, wato awa biyu a wata. Abin da ka jira har tara da rabi a Nuwamba, a Janairu kana idar da Magariba za ka tarar da shi a sama.

Abu na ƙarshe. Kakanninmu sun san wannan sama, sun raɗa wa taurari sunaye, sun yi lissafin lokaci da su. Yau yaro zai girma a birni bai taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba. Idan akwai dattijo ko tsohuwa a gidanku, ku fita da su, ku nuna musu taurari ukun nan, ku tambaye su me ake ce musu a garinku. Ku rubuto mana amsar a ƙasa, tare da sunan garin, mu ga yadda sunayen suka bambanta.