Abincin Titin Anka da Gummi da Bukkuyum: Inda Kyamara Ba Ta Leƙawa

Hanyar da ta rabu da titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta nufi Anka, ta ratsa ƙasar Bukkuyum, ta bi ta Ɗaki Takwas har ta kai Gummi, hanya ce da matafiyi ba ya kwana da yunwa a kanta idan yana da ɗan abin da zai taɓa a aljihu. Mota na tsayawa 'yan talla za su kewaye ta, wannan da awara, wannan da dafaffen rogo da ƙuli, waccan da datun zogale, wato kwaɗo, wata kuma da hoce a jere cikin faranti. Da asuba mai koko da mai ƙosai ne ke riƙe da gari. Rana na take tsaka sai masu fura da nono su karɓa, bayan la'asar kuma mai tsire ya hura wuta a tukuba, mai shayi ya ci gaba da fasa ƙwai har dare ya raba. Da wannan abinci leburori da direbobi da 'yan kamasho da almajirai da masu haƙar zinari suke rayuwa, kuma da cinikinsa gidaje da yawa suke ɗora tukunya. Amma mutum zai daɗe yana kallon shirye-shiryen girki a talabijin bai ga ko inuwarsa ba.

Shirye-shiryen da ake magana a kansu iri biyu ne. Akwai na yawo, wanda ake ɗaukar kyamara a shiga gari. A 2019 kamfanin Netflix ya fitar da Street Food, ya zagaya birane tara na Asiya, ya fara da Bankok da wata tsohuwa mai suna Jay Fai, wadda ke soya wainar ƙwai da naman ƙaguwa a kan wutar gawayi, sanye da gilashin kare ido. A 2020 aka yi na Latin Amurka, a 2022 aka yi na Amurka, kuma cikin duka ukun babu birnin Afirka ko guda. Marigayi Anthony Bourdain ya zo Najeriya da shirinsa na CNN a 2017, amma a Legas ya tsaya. Iri na biyu shi ne na zaune, wanda muka fi sabawa da shi a Arewa: ɗakin girki mai walƙiya, tukunyar gas, kayan miya a yanke cikin ƙananan kwanuka, da mai gabatarwa tana bayani daki-daki. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da Akushi da Rufi, kuma shirin ya yi abin a yaba masa. Ya sa mata da yawa sun ga girkinsu da harshensu a allo, ya kuma ɗaga darajar tuwo da miyar gargajiya a idon 'yan boko.

Sai dai kowanne cikin biyun yana da abin da ya gina kansa a kai, kuma ginin bai dace da yammacin Zamfara ba. Shirin yawo yana neman mutum ɗaya: mai girki da ke tsaye a bakin titi, wuta na ci, tana soyawa tana miƙawa, kyamara ta kama fuskarta da hannunta da labarin rayuwarta a wuri guda. A ƙasar Hausa kuwa, yawancin abincin titi ba a titi ake dafa shi ba. A cikin gida ake yin sa, bayan zaure, inda baƙon namiji ba ya shiga. Matar aure ce ke jiƙa waken suya tun dare, ta kai niƙa, ta tace, ta dafa, ta sa ruwan tsami ya haɗe, ta matse, ta yanka, ta soya. Yarinyar da ke riƙe da faranti a tasha tana cewa a sayi awara ita ce ƙarshen aikin, ba farkonsa ba. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, ta lura da wannan tun a 1969, bayan zaman da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, har ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin ta ga hatsi da abinci da kuɗi masu yawa suna yawo daga gida zuwa gida ta hannun mata da yara ba tare da sun taka kasuwa ba. Fiye da shekara hamsin ke nan, tsarin yana nan a Anka da Gummi.

Saboda haka idan mai kyamara ya sauka a irin waɗannan garuruwa da idon da ya koya a wajen Netflix, abin da zai gani shi ne maza: mai tsire, mai balangu, mai shayi, mai gasa kifi. Su ne a fili, su ne ke da wuta da hayaƙi, kuma nama a kan wuta yana da kyau a hoto. Shi ya sa duk lokacin da aka tashi nuna abincin titin Arewa, a gida ko a waje, tsire da kilishi ake nunawa, kamar su ne abincin yau da kullum. Alhali leburan da ya wuni yana sauke buhuna a kasuwar Nasarawar Burkullu ba da tsire ya karya ba. Da koko ya karya, da rana ya ci ɗan wake ko hoce, kuma duk hannun mata ne ya yi su.

Hoce ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne abincin da ake yi wa Zamfarawa kirari da shi, ake kuma tsokanar su da shi. Da garin dawa ake yin sa, a kwaɓa, a fasalta shi faifai-faifai, a gasa ba tare da an tsoma shi cikin mai ba. Yana da tauri, launinsa na dawa ne, ba ya sheƙi, ba ya tururi. Mai ci yakan gutsuttsura shi ya haɗa da garin ƙuli-ƙuli da yaji da albasa da ɗan mai. Amfaninsa yana cikin abubuwan da allo ba ya iya nunawa: yana riƙe ciki tun hantsi har yamma, yana yin kwanaki bai lalace ba a ƙasar da wutar lantarki ba ta zama, manomi na iya jefa shi a aljihu ya tafi gona, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Wanda ya shirya shi a ɗakin ɗaukar shiri, ya yi masa ado da tumatir da ganye a farantin tangaran, ya nuna yadda ake yi, amma bai nuna dalilin da ya sa mutanen wannan ƙasa suka riƙe shi ba.

Akwai kuma maganar mai ɗaukar nauyi. Shekara da shekaru kamfanonin dunƙulen ɗanɗano ne ke kan gaba wajen biyan kuɗin shirye-shiryen girki a Najeriya. Ba laifi ba ne kamfani ya tallata hajarsa, kuma ba don kuɗinsu ba da yawancin shirye-shiryen ba su rayu ba. Amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar taken da za a kaɗa. Girkin da ya dogara da daddawa da kanwa da tsamiya da man shanu ba shi da mai saya masa lokaci a tasha, kuma macen da ke dafa kalwa ta yi daddawa a ƙauyen Bukkuyum ba ta da ofishin talla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: ba wai talabijin bai san hanyar Anka ba ne. Ya san ta sarai, amma mutuwa ce ke kawo shi. A 2010 duniya ta ji sunayen Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A Janairun 2022 aka sake jin sunayen ƙananan hukumomin biyu bayan hare-haren da mazauna suka ce sun ci rai kusan 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A Yulin 2022 BBC ta fitar da rahoton bidiyo a kan jagororin 'yan bindigar Zamfara, wanda ɗan asalin jihar, Yusuf Anka, ya jagoranta, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta ci wasu tashoshi tarar naira miliyan 5 kowacce saboda irin waɗannan rahotanni. Gummi kuma ta shiga labarai a 2024 da ambaliya da kifewar kwalekwalen manoma. Duk waɗannan labarai ne da ya wajaba a bayar. Amma yaron da ya tashi a Kano ko Maraɗi yana kallo zai ɗauka babu abin da ake yi a Anka sai jana'iza, kuma yaron Anka kansa bai taɓa ganin wainar unguwarsu a allo ba.

Ba ina cewa a zo a yi shirin annashuwa a rufe ido ga masifa ba ne. Masifar tana cikin farantin. Gubar 2010 ma ta hanyar abinci ta sami wata ƙofar shiga: an riƙa niƙa duwatsun zinari da injinan niƙan hatsi, ana daka su ana shanya su a tsakar gida, a wurin da ake sussuka da surfe da girki, ƙurar dalma ta sauka a kan abin da yara ke kai wa baki. A Satumbar 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar don a matsa wa 'yan bindiga, masu ƙaramar sana'ar abinci na cikin waɗanda suka fara ji a jika, domin ranar kasuwa ce ranar cinikinsu, kuma a kasuwar suke auno gero da wake da gyaɗa. Inda manomi bai isa ya je gona ba sai ya biya harajin daji, dole mudun dawa ya tashi. Inda aka kore shanu, nono ya yi wuya, mai fura ta koma dama ta da madarar gari. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci a ƙasar ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mai ƙosai ba ta iya ninka kuɗi ga abokin cinikin da ta san halinsa, sai ta rage girman ƙosan, ta daina gyara, ta sake soya da man jiya. Wanda ya iya karanta girman ƙosai a Gummi ya karanta halin da ƙasar ke ciki, kuma wannan labari ne da shirin abinci ya fi kowa cancantar bayarwa.

Haka batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka kowace shekara, yana kashe 137,000. Shirin girki yakan ce a wanke hannu, a wanke ganye, sai ya buɗe famfo. Tambayar da ta shafi mai datun zogale a Bukkuyum ita ce daga ina ruwan ya fito, nawa jarka, kuma sau nawa aka ɗauraye kwano a bokiti ɗaya.

Sannan ga yarinyar da ke ɗauke da farantin. Mai kallo daga nesa zai yi saurin yanke hukunci, ya ce a hana talla. Gaskiya ne talla na raba yara mata da makaranta, yana kuma jefa su cikin haɗari a tashoshi da wuraren haƙar ma'adinai, kuma babu mai hankalin da zai ƙawata wannan. Amma ribar farantin ita ce adashin uwa, ita ce kayan ɗakin yarinyar, a gidaje da dama kuma, musamman na matan da aka kashe mazajensu da waɗanda suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, ita ce tuwon dare. Shirin da ya nuna ta tana murmushi kawai ya ɓoye rabi, wanda ya nuna ta a matsayin abar tausayi kawai shi ma ya ɓoye rabi.

Wa zai iya ɗauko wannan? Ba ayarin baƙi da manyan motoci ba, ko don tsaro, ko don zaure ba zai buɗe musu ba. Mace ce za ta iya, 'yar gari, wadda za ta yi sallama ta shiga har madafa, a ce mata sannu da zuwa, ta zauna a kan tabarma ta tambayi Inna nawa ta auno wake yau, nawa ta biya niƙa, nawa itace, nawa ya rage. Wayar hannu ta isa wannan aiki, kuma tashoshin Gusau da gidajen rediyo da ma Arewa24 suna da inda za su sa shi idan sun so. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne su biya irin waɗannan mata kuɗin aikinsu, su kuma bar su su tsara tambayoyin.

Amma akwai sharaɗin da masu shirin Bankok ba su taɓa fuskanta ba. A can, fitowa a talabijin na jawo wa mai abinci layin masu saye. A yammacin Zamfara, inda masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke cin kasuwa ɗaya da kowa, nuna cewa wance tana ciniki sosai, ga ƙofar gidanta, ga abin da take samu a rana, na iya jawo mata baƙin dare. Dole a nemi yardarta da ta mai gidanta, a bar sunan unguwa, kada a faɗi jimillar cinikinta, kuma kada a nuna fuskar yaran da ke fita da farantin. Idan ta ce hannunta da kaskonta kawai za a ɗauka, to a tsaya a nan.