Abin da Kuɗin Jirgin Attajirai Ke Saye

Mutumin Makoda ko Koguna da ke ɗaga kai in ya ji ƙugi a sama ya san jirage ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan na fasinja da na alhazai, akwai kuma wasu sirara masu injuna biyu a manne kusa da wutsiya, waɗanda ake ce wa jiragen attajirai. In hirarsu ta taso a majalisa, kujerun fata da gado da banɗaki ake ambato, sai a rufe da cewa almubazzaranci ne. Gaskiyar ita ce kayan ƙawar nan ba su ne ke cin mafi yawan kuɗin jirgin ba. Nisa da lokaci ake saye da miliyoyin da ake kashewa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna wanda ya dace ya hau da wanda bai dace ba.

Kano ta fi kowa sanin darajar nisa. Tun a shekarar 1925 jirgin sama ya sauka a nan, kuma filinta ya bunƙasa ne saboda jiragen da ba sa iya doguwar tafiya: mai tsallaka Sahara daga Turai zuwa kudancin Afirka dole ya ya da zango ya sha mai. Jirgin attajiri na yau an ƙera shi ne don ya kashe wannan zangon. Global Express XRS na kamfanin Bombardier, irin wanda Aliko Dangote ya saya a 2010 kan kimanin dala miliyan 45, yana cin fiye da kilomita 11,000 bai sauka ba. Ƙanensa Global 7500, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2018, ya haura kilomita 14,000. Daga Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, zuwa New York kimanin 8,500, zuwa Guangzhou inda 'yan kasuwar Kwari ke saro kaya kusan 11,000. Duk waɗannan tashi ɗaya ne a wurinsa.

Sirrin yana cikin fukafukai. Global 7500 na ɗaukar mai fiye da tan 23, wato nauyin buhun gero 230 masu kilo ɗari-ɗari, kuma wannan ya kusa rabin nauyin jirgin gaba ɗaya in an cika shi. Mafi yawan man a cikin fukafukan yake, kuma tazarar da ke tsakanin bakinsu ta kusa mita 32, kusan tsawon jirgin kansa. An karkatar da su baya domin ya yi gudun kilomita 900 a awa ba tare da iska ta turje masa ba. Yana kuma iya hawa ƙafa 51,000, alhali jiragen fasinja ba su cika wuce 41,000 ba. A can sama iska ba ta da kauri, mai ba ya ƙonewa da yawa, babu cunkoso, yawancin hadari ma a ƙasa yake barin sa. Sai dai a lura, lissafin kilomita 14,000 da fasinja takwas aka yi shi, ko da yake jirgin na ɗaukar 19. In aka cika mutane da kaya, nisan sai ya ragu. Zafin bazara irin na Kano ma yana sa jirgi mai nauyi ya nemi titi mafi tsawo kafin ya ɗaga.

Cikin jirgin ma wannan manufar yake yi wa hidima. A ƙafa 51,000 mutum ba ya wuce 'yan daƙiƙu bai suma ba, don haka ake matso iska daga injuna a cika ɗakin. Jirgin fasinja kan riƙe iskar ciki kamar ta saman dutse mai mita 2,400, abin da ke kawo ciwon kai da kasala bayan doguwar tafiya. Gulfstream G650 kuwa, wani jirgin attajiran, ko ya kai ƙololuwa, iskarsa ba ta wuce ta mita 1,500 ba, kaɗan ta ɗara tsayin Jos. Wannan na buƙatar gangar jiki mai ƙarfin gaske, kuma nan ne kuɗi ke tafiya. An raba Global 7500 ɗaki huɗu, na zama, na cin abinci da taro, na hutu da na barci, ga wurin kwanciyar matuƙa masu karɓa-karɓa. Wanda zai yi awa goma sha biyar a sama ya sauka kai tsaye zuwa teburin ciniki, gado a wurinsa kayan aiki ne.

To, in haka ne, hukuncin ya fito da kansa. Mai masana'antu a ƙasashe da dama, wanda ke tafiya da kuɗinsa zuwa garuruwan da jirgin fasinja bai haɗa su kai tsaye ba, yana da hujja. A Afirka ta Yamma sau da yawa sai ka kwana a hanya kafin ka isa ƙasa maƙwabciya. Amma a ɗauki jirgin da ya haura dala miliyan 70 a yi Kano zuwa Abuja, tafiyar da ba ta kai kilomita 400 ba, an bar duk abin da aka biya dominsa a banza: kafin ya gama hawa ya fara shirin sauka.

Wani zai ce ai akwai matsalar tsaro a hanya, kuma jiragen fasinjarmu ba sa cika alkawarin lokaci. Duka biyun gaskiya ne, harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ma ya isa shaida. Amma wannan hujja ce ta hawa jirgin sama, ba ta mallakar mai tsallaka teku ba. Ƙaramin jirgi ko shata sun wadatar. Wani kuma zai ce kuɗinsa ne, ina ruwanmu? In nasa ne, kuma ya biya harajin shigo da shi, abin da hukumar kwastan ta sha bin masu jirage a kansa a 2021 da 2024, to babu mai tuhumarsa. Matsalar tana inda kuɗin na jama'a ne, kamar yadda gwamnatin jihar Ribas ta sayi Global 5000 a 2012. Ranar saye ma somin-taɓi ce, domin albashin matuƙa da inshora da gyara, wanda yawanci da dala ake biya, suna ci ko jirgin ya tashi ko yana ajiye.

Aikin gwamna a cikin jiharsa yake, kuma babu titin saukar jirgi tsakanin Dambatta da Makoda. Duk ranar da kuka ji wata gwamnati na shirin saye ko ɗaukar shatar irin wannan jirgi, ku tambayi wakilanku na majalisa: ina za shi, kilomita nawa ne, kuma daga wane kasafi za a biya?