Tsohon Injin Fere Katako: Yadda Ake Mayar Da Teburansa Kan Layi

A kasuwannin 'yan katako irin ta Na'ibawa a Kano, ko Katako ta Jos, ko takwararta ta Yamai, mai sayen ƙofa yakan dubi irin itacen da ƙyallin fenti. Kafinta kuwa idonsa na kan inda katako biyu suka haɗu gefe da gefe. Muddin haske na ratsawa ta tsakaninsu, gam ba zai riƙe ba, kuma hunturun farko ne zai tona asirin aikin.

Injin da ke fitar da wannan miƙaƙƙen gefe shi ne jointa. Ƙirarsa ba ta da wani ruɗani: tebura biyu dogaye na zubin ƙarfe, a tsakaninsu ganga mai ɗauke da wuƙaƙe, galibi uku ko huɗu, tana juyawa wajen sau 5,000 a minti guda. Teburin shiga yana ɗan ƙasa, kuma wannan 'yar tazarar ita ce kaurin abin da za a fere, kamar milimita 1 a kowane wucewa. Teburin fita yana daidai da ƙololuwar wuƙa, don ya karɓi katakon da aka riga aka fere. Akwai kuma katanga a gefe da ake jingina katako a jikinta.

Da yawa daga cikin manyan injinan da ake gani a shagunan kafintoci na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su sauka a Apapa ko Kwatano. Akwai na Wadkin, kamfanin da aka kafa a Leicester ta Ingila a 1897, da na SCM na garin Rimini a Italiya, da na Delta da Powermatic daga Amurka. Ƙarfensu ya fi na sababbi masu araha nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce hanya. Inji mai faɗin inci 8 kan kai kilo 200, tsawonsa ya kusa mita 2, don haka ko dai a kwance teburan kafin a ɗora shi a mota, ko kuma 'yan dako su kama bakin teburan su ɗaga. Na biyun nan ya fi ɓarna, domin teburan ba a yi su don ɗaukar nauyin injin ba. Ko wanne aka yi, inji yakan iso shago a karkace.

Katakon da kansa yake faɗin inda ciwon yake. Idan bakin teburan na waje sun sunkuya ƙasa, gefen katako zai fito da rami a tsakiya. Idan sun ɗaga sama, sai ya fito da ciki, katako biyu su taɓa juna a tsakiya su buɗe a baki. Teburin fita da ya yi ƙasa da wuƙa yakan bar wani ɗan cizo a wutsiyar katako, wanda ya yi sama kuma yakan sa katako ya tokare, ko ya fito kansa siriri gindinsa kauri. Sau da yawa yaron shago ne ke shan faɗa a kan "rashin iya turawa", alhali laifin na ƙarfe ne.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, sai an san irin injin. Tsofaffin ƙira, kamar Powermatic 60, teburansu suna zamewa ne a kan wata hanya mai gangare da aka sassaƙa a jikin gindin injin, da wani siririn ƙarfe a gefe wanda ƙananan notuna ke dannawa don hana girgiɗi. Ɗaya ƙirar, irin ta Delta DJ-20, teburin yana lilo ne a kan sanduna biyu, kuma a kusurwa huɗun kowane tebur akwai zobe mai rami a karkace. Juya zoben kaɗan yana ɗaga kusurwar ko ya sauke ta. Mai irin wannan ya huta da rabin wahala.

A ƙira mai gangare, haɗawa tana farawa da wanki. Tsohon giris da ya cakuɗe da garin katako yakan daskare ya yi tauri, kuma ɗan guntunsa ya isa ya karkatar da tebur. Kananzir da buroshi sun wadatar. Tsatsar damina a fuskar tebur ana goge ta da samfefa mai laushi a naɗe a jikin katako shafaffe. Garanda kuwa haramun ce a nan, domin minti ɗaya da ita zai haƙa ramin da ba ya cikuwa. Siririn ƙarfen nan na gefe yana da ƙananan gurabu inda kan notuna ke zama, kuma dole ya koma ɓangaren da ya fito, fuskarsa a yadda take. Duk wani ɗan falle na tagulla da ya faɗo lokacin kwancewa kada a share shi da shara: wani ne ya sa shi da gangan shekaru da suka wuce, kuma sanin inda yake yana rage aikin yini guda.

Teburin a ɗauke shi mutum biyu ko uku, a zura shi a hankali. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi.

Daga nan sai ɗaure notunan gefe, ɗaya bayan ɗaya, yayin da wani ke tallafe bakin teburin sama. A ɗaure har girgiɗi ya ɓace, amma tebur ya ci gaba da hawa da sauka ba tare da kokawa ba. Abin mamaki, sunkuyawar tebura da yawa a nan take ƙarewa, tun kafin a kai ga wata dabara.

Awo yana bukatar abu biyu. Na farko doguwar sanda miƙaƙƙiya ta ƙarfe ko alminiyum, aƙalla mita 1. Ita ma sai an gwada ta: a ja layi da ita a kan filawud, a kifa ta a sake ja, idan layukan ba su hau kan juna ba, to sandar ce za ta yaudari mai aiki. Na biyu fila geji, 'yan fallayen ƙarfen nan da makanikai ke auna bawul da su. Bayan an cire inji daga wuta, ana juya ganga yadda wuƙa ba za ta taɓa sanda ba, a ɗago teburin shiga ya yi daidai da na fita, a shimfiɗa sanda a kan duka biyun. Ana gwada gefen gaba, da gefen katanga, sannan a gicciye ta kusurwa zuwa kusurwa, ana zura fallen awo a ƙarƙashi ana rubuta abin da aka samu da alli a kan teburin. Masu aikin ƙwarai suna neman tazarar da ba ta wuce milimita 0.05 ba, wato kamar rabin kaurin takardar rubutu.

Inda tazara ta ƙi ɓacewa, sai a yi ciko. Ana sassauta notuna, a ɗaga tebur, a cusa ɗan falle tsakanin tebur da hanyarsa. Tagulla ta fi, amma gwangwanin lemo ma yana yi, tunda kaurin jikinsa wajen milimita 0.1 ne kuma almakashi na yanka shi. Ciko a ƙasan gangaren yana ɗaga bakin tebur na waje, ciko a samansa yana ɗaga ɓangaren da ke kusa da wuƙa, ciko a gefe ɗaya kuma yana gyara murɗiya. Tunda hanyar ta fi teburin gajarta, falle ɗaya yakan motsa bakin tebur fiye da kaurinsa, shi ya sa ake sa ɗaya, a ɗaure, a sake awo. Teburin fita ake yi wa ciko, saboda shi ba a cika motsa shi ba. Na shiga kullum yana hawa da sauka, zai tauna fallen ya tofar.

Sai ganga. Jikinta ya kamata ya yi nisa ɗaya da teburin fita a hagu da dama, in ba haka ba a sa ciko a ƙarƙashin gidan boris na ɓangaren da ya yi ƙasa. A injin mai zobba tsarin yana juyawa: ana fara daidaita teburin fita da ganga, sannan a bi da na shiga.

Saitin wuƙaƙe yana da tsohuwar dabara da ba ta bukatar sayen komai. A kwantar da ɗan katako miƙaƙƙe a kan teburin fita, kansa ya leƙa kan ganga, a juya gangar da hannu. Wuƙar da ta zauna daidai za ta ɗan ɗauki katakon ta ja shi gaba kamar milimita 3. Kowace wuƙa, a kowane gefe, ta ja shi daidai wannan nisan. A ƙarshe a tsayar da katanga da sikwaya, a fere katako biyu na madaci ko malaina, a haɗa gefensu a ɗaga wajen haske.

Akwai abin da awo ba ya nunawa. Moton da aka ƙera don wutar Amurka mai bugu 60 a daƙiƙa, idan ya hau wutar Najeriya ko Nijar mai bugu 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, mai juyi 3,450 ya koma wajen 2,875. Fuskar katako za ta fito da ƙananan tudu idan aka tura da sauri, kuma maganin shi ne a rage hanzari ko a canza fuli. Marfin da ke rufe wuƙaƙe kuma, wanda ake yawan cirewa a jefar a lungu, ya koma wurinsa, kuma kada a tura katakon da bai kai inci 12 ba.

Mai shirin sayen irin wannan inji ya tafi da sandarsa da fila gejinsa kafin ya biya kuɗi. Tebur da ya sunkuya yana gyaruwa da haƙuri da gwangwani ɗaya. Wanda fuskarsa ta murɗe, ko aka ga alamar walda a kan hanyarsa, a bar wa mai shi kayansa ko da ya karya farashi.