Barci ba kan ƙa'ida ba: haɗarin da ke bin zuciyar mazauna zangon Accra

A Old Fadama da ke gefen tafkin Korle a birnin Accra, dare ba lokacin hutu ba ne ga kowa. 'Yan dako mata da ake kira kayayei sukan tashi tun kafin asuba domin su tari motocin kaya, masu gadi su kwana ido biyu, direbobin trotro su fita da duhu su dawo da duhu. A Nima da Maamobi ma haka abin yake: mai waakye tana ɗora tukunya cikin dare, matasa kuma na raba dare a majalisar shayi. Yau mutum ya kwanta ƙarfe goma, gobe ƙarfe biyu, jibi sai bayan sallar asuba.

Masana sun daɗe suna gargaɗi kan ƙarancin barci. Binciken baya-bayan nan kuma ya nuna cewa yawan sauya lokacin kwanciya da na tashi shi ma illa ce mai zaman kanta.

Abin da bincike ya gano

A shekarar 2020 mujallar Kwalejin Likitocin Zuciya ta Amurka ta wallafa binciken da aka yi kan mutane kusan 2,000, waɗanda aka bibiya na kimanin shekara 5. Waɗanda lokacin barcinsu ya fi yawan sauyawa sun kusa ninka sauran wajen haɗarin kamuwa da ciwon zuciya.

A 2024 wani binciken kan mutane fiye da 72,000 a Birtaniya ya gano cewa haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko gazawar zuciya ya ƙaru da kashi 26 cikin 100 ga masu barci barkatai. Samun isassun sa'o'i bai kawar musu da haɗarin ba. Tun a 2022 Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sanya barcin sa'a 7 zuwa 9 cikin abubuwa takwas da ke kare zuciyar baligi.

Me ya haɗa barci da zuciya?

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani agogo da ke bin haske da duhu, shi ke tsara ayyukan jiki cikin sa'a 24. Idan mutum ya yi barci da dare, ƙarfin bugun jininsa yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, zuciya da jijiyoyi su sarara. In lokacin barci ya rikice, wannan saukar takan ragu, sannu a hankali hawan jini ya samu gindin zama.

Haka batun sukari. Jiki ya fi amsa sinadarin insulin da safe fiye da dare, don haka shayi mai sukari da burodi ko indomie da ƙarfe ɗaya na dare sukan bar sukari ya daɗe a jini. Ƙarancin barci kuma yana ƙara jin yunwa da kwaɗayin zaƙi da maiƙo, abin da ke kai wa ga teɓa da ciwon sukari.

Lamarin ba ƙarami ba ne a Ghana, inda nazarce-nazarce suka nuna kusan baligi ɗaya cikin huɗu na da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba.

Abin da za a iya yi

Ba wanda zai ce wa mai gadi ya bar aikinsa, ko 'yar dakon da ke kwana da mutum goma a ɗakin katako ta nemi wuri mai shiru. Amma akwai gyaran da ba ya cin ko sidi ɗaya.

Accra na kusa da tsakiyar duniya, saboda haka lokacin asuba ba ya sauyawa sosai a duk shekara. Mai tashi sallah kullum ya riga ya samu tsayayyen lokacin farkawa, saura ya tsayar da na kwanciya. Mai tashi ƙarfe huɗu da rabi, in yana son sa'a 7, sai ya kwanta ƙarfe tara da rabi, kuma kada bambancin yau da gobe ya wuce sa'a ɗaya, har ranakun hutu.

A bar goro, shayi mai ƙarfi da lemon ƙara kuzari tun daga la'asar, a ci abincin dare da wuri, a ajiye waya. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana wartsakar da jiki ba tare da ta hana barcin dare ba. Masu aikin dare su ware lokaci guda na barci da rana, su rufe taga da ƙyalle mai kauri.

Wanda ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa cikin barci, ko yake tashi da ciwon kai, ya je a duba shi. Ana auna jini da sukari a asibitin Maamobi da ƙananan asibitocin unguwa, masu larura mai tsanani kuma a tura su Korle Bu. Hawan jini yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba, awo kaɗai ke tona shi.