Yadda Crocs Ya Rasa Rajistar Takalminsa a Turai

Takalmin robar nan mai huji-huji da kuke sawa bayan an tashi daga makaranta ya taɓa shiga kotu. A 2004 aka nemi yi wa siffarsa rajista a Tarayyar Turai don kada wani ya kwaikwaye ta. A 2013 kamfanin Gifi na Faransa ya nemi a soke rajistar, ya ce siffar ba sabuwa ba ce.

Dokar can ta ba mai ƙira wata 12 kacal tsakanin nuna wa jama'a abinsa da neman rajista. To, tun 2002 an baje takalmin a bikin nunin jiragen ruwa na Fort Lauderdale a Amurka. An kuma sa shi a intanet, an sayar da shi kafin wa'adin.

Crocs ya kare kansa da cewa masu sana'ar takalma a Turai ba za su san da wannan ba. Shafin intanet kuwa ai bai san iyakar ƙasa ba! Kotun Tarayyar ta ce Crocs bai kawo hujjar da ta gamsar ba. Ranar 14 ga Maris, 2018, ta tabbatar da soke rajistar.