Kama da Wane Ba Ta Wane: Guza da Damon Kudancin Sakkwato

A fadamun Tambuwal da dazuzzukan Kebbe, yaro ma ya san bambancin guza da damo. Guza ba ta nisa da ruwa. Damo kuwa, sarkin haƙuri, yakan shige rami da rani, ya rayu da kitsen da ya tara da damina yana cin ƙwari da dodon koɗi. Sai dai akwai bambancin da ido ba ya gani, wanda ke ɓoye cikin ƙwayoyin gadon halitta.

A shekarar 2016, Stephanie Dowell da abokan aikinta sun wallafa binciken da ya kwatanta ƙwayoyin gadon guza daga sassan Afirka. Sun gano cewa guzar Afirka ta Yamma ta rabu da sauran danginta tun shekaru sama da miliyan 7 da suka wuce, duk da kamannin da ke tsakaninsu. Haka ma jan-gwadan da ke kaɗa kai bisa katanga: tun 1758 Linnaeus ya raɗa masa suna ɗaya, amma binciken zamani ya nuna jinsuna ne da dama masu kama da juna.

Sauyin yanayi na cikin abubuwan da ke raba zuriya. Kimanin shekaru 20,000 baya, rairayin hamada ya gangaro har ƙasar Hausa. Daga baya ruwa ya dawo, Sahara ta yi kore, Tafkin Cadi ya tumbatsa. Duk lokacin da daji ya tsinke, ƙadangarun kowane yanki kan keɓe, su yi ta haihuwa a tsakaninsu har gadonsu ya bambanta.

Abin lura shi ne, yawan ƙadangare a wani wuri ba ya maye gurbin wanda aka rasa a nan. Ƙona daji da sare itatuwa don gawayi suna rushe matsuguninsu, farautar nama da fata kuma na rage su. Manomi ma yana asara, domin su ne ke cinye fara da gara.

Ya dace masanan Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa kai da mafarautan Dogon Daji da Kuchi, waɗanda suka san kowane rami, a tattara samfura a tantance irin da muke da su. Sarakuna kuma su tsawata kan cinna wa daji wuta. Abin da ya ɗauki miliyoyin shekaru yana ginuwa, rani ɗaya ya isa ya shafe shi.