YARON DA YA ƘI ZUWA DARASIN ƘARIN KARATU: JAGORA GA IYAYE DA MALAMAI

Tun daga watan Satumba na 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, ƙofar makaranta ta buɗe ga ɗan talaka da ɗan mai hali baki ɗaya. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da shirin ilmin tushe na bai ɗaya, sa'an nan dokar 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya bar yaronsa a makaranta shekara tara, watau shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare.

Amma fa shiga makaranta daban, iya karatu daban. A kowane aji akan sami yaran da 'yan'uwansu suka yi wa nisa wajen haɗa baƙi. Saboda haka makarantu da dama sukan ware wani ɗan lokaci, a fitar da irin waɗannan yara daga aji su zauna da malami, ko ɗaya ɗaya ko cikin ƙaramin rukuni, domin a ƙara musu haske. Tsari ne na alheri, sai dai sau da yawa yaron da aka yi abin dominsa shi ne ke ƙinsa. Wani ya ɓuya a bayan aji, wani ya fashe da kuka, wani kullum da safe ya ce cikinsa na ciwo, wani kuma ya je ya zauna amma ya yi gum. An shirya wannan ɗan littafi ne domin bayyana wa jama'a dalilin haka, da kuma hanyar da za a bi a shawo kan yaro ba tare da an karya masa zuciya ba.

ME YA SA BA ZA A ƘYALE SHI BA?

Wasu iyaye sukan ce, tun da ba ya so, a bar shi, in ya girma zai iya. Wannan kuskure ne babba. A azuzuwan farko yaro yana koyon karatu ne, amma daga aji huɗu zuwa sama kusan kowane darasi da karatu ake koyonsa, har lissafi, domin sai ya karanta tambaya kafin ya amsa. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam, Keith Stanovich, ya bayyana yadda tazarar ke ƙaruwa: yaron da ya iya karatu yana jin daɗinsa, sai ya yawaita yi, ya ƙara ƙwarewa, wanda bai iya ba kuwa yana gudunsa, sai ya ƙara zama a baya. Ƙarshen wannan hanya sananne ne, watau faɗuwa jarrabawa, da ƙin makaranta, da barinta ɗungum. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

RUWA BA YA TSAMI BANZA

Kafin a ce yaro yana da taurin kai, ya kamata a binciki abin da ke damunsa. Ga dalilan da aka fi samu:

1. Kunya. In aka kira sunansa a gaban 'yan ajinsu ya tashi ya fita, gani yake an yi shelar cewa shi daƙiƙi ne. Yaro ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa dolo.

2. Tsokanar abokai. Suna ɗaya da za a laƙaba masa a filin wasa ya isa ya sa shi ƙin darasin har ƙarshen zango.

3. Asarar abin da yake so. In lokacin darasin ya faɗa kan wasanni, ko zane, ko lokacin tara da ake fita cin abinci, to, an ɗauke masa abin da ya fi ƙwarewa a kai, an musanya masa da abin da ya fi tsoro.

4. Tarin aiki. Yakan dawo ya tarar an cika allo da rubutu, an ba da aikin gida bai ji ba, gobe kuma a hukunta shi.

5. Rashin bayani. In ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa dalili, sai ya ɗauka horo ne aka yi masa, kuma ba ranar fita.

6. Darasin da bai dace da shi ba. In abin da ya gagare shi a aji shi ne aka sake ɗora masa, da irin hanyar da ta gagara tun farko, ba abin da zai gani sai ƙarin wahala.

RASHIN IYA KARATU BA RASHIN HANKALI BA NE

Wajibi ne iyaye su fahimci wannan tukuna, domin abin da ke zuciyarsu shi yaro zai karanta a fuskarsu. Abubuwa da yawa kan jawo wa yaro jinkiri. Akwai raunin gani, wanda tabarau kawai zai gyara. Akwai raunin ji, musamman ga yaron da kunnensa ke yawan zubar da ruwa, ko wanda ya taɓa yin ƙyanda ko sanƙarau. Akwai yawan fashi saboda zazzaɓin cizon sauro, ko aikin gona, ko talla. Akwai cunkoson aji, da kuma koyon karatu cikin harshen da yaro bai ji sosai ba.

Bayan waɗannan akwai wata matsala da likitoci ke kira disleksiya, inda yaro mai cikakken hankali yake shan wuya wajen haɗa harafi da sautinsa. A 1896 wani likita a Ingila, W. Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin wasanni, wanda rubutattun kalmomi suka gagara duk da ƙoƙarin malamansa. Yau an san cewa matsalar takan bi jini a cikin dangi, kuma ba lalaci ke kawo ta ba, ba sammu ba ne, ba kuma aikin iska ba. Maganinta koyarwa ce daki daki, da maimaici, da haƙuri.

ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU YI

Da farko, a saurari yaro. A zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, kamar bayan cin abincin dare, ba a gaban ƙannensa ko baƙi ba. Kada a fara da cewa, "Don me ka ƙi zuwa?" Gara a ce, "Wane abu ne ba ka so a wurin?" In ya yi shiru, a taimake shi: "Fitar ce ba ka so, ko karatun, ko abin da yara ke faɗa?" Amsarsa ita ce za ta nuna inda gyara yake.

Na biyu, a gaya masa gaskiya cikin taƙaitattun kalmomi: karatu yana ba shi wuya a yanzu, wannan darasi zai sauƙaƙa masa, kuma in ya kai matakin da ake so zai daina zuwa. Akwai misali a kusa da mu. A makarantar allo kowane ɗalibi da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kowa kuma yakan je gaban malam shi kaɗai a biya masa, ba wanda ke ganin abin kunya ne. Haka kuma ɗan koyo a wurin tela ko maƙeri, sai maigidansa ya kama hannunsa kafin ya ƙware.

Na uku, a rarrabe tsakanin abin da yaro ke da zaɓi a kai da wanda ba shi da. Zuwa darasi ba abin ciniki ba ne. Amma ana iya barinsa ya zaɓi littafin da za a fara da shi, ko wurin zama, ko abokin tafiya. Yaron da aka ba ɗan zaɓi yakan rage gardama.

Na huɗu, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.

Na biyar, uba ko uwa su taka da kansu zuwa makaranta, su ga malamin aji da hedimasta. Su tambayi abin da ake koya wa yaron, da sau nawa a mako, da darasin da yake rasawa, da ranar da za a sake auna shi.

Na shida, a ware minti goma zuwa goma sha biyar kullum a gida. Ya karanta abin da ya riga ya iya, domin ya ɗanɗani daɗin nasara, a tashi kuma tun bai gaji ba. Iyayen da ba su yi boko ba kada su ce ba su da abin yi. Tatsuniya, da kacici-kacici, da karin magana, da salon magana mai karya harshe, duk suna wasa kunnen yaro, suna ƙara masa kalmomi. Zama kusa da shi a saurare shi ma taimako ne. Wa ko ya na iya karanta masa labari, muddin ba za su yi masa dariya ba.

ABIN DA YA KAMATA MALAMAI SU YI

Kada malami ya tsaya a bakin ƙofa yana kiran "waɗanda ba su iya karatu ba". A shirya da yaro tun da wuri, ya san lokacinsa, ya fita shiru kamar wanda aka aika. In da hali, a sa darasin a lokacin da dukan aji ke rabuwa rukuni rukuni, kowa da aikinsa. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta shahara da irin wannan tsari, inda ake raba yara gwargwadon matakin karatunsu maimakon shekarunsu, kuma an yi aiki da shi a wasu jihohin arewacin ƙasar nan. In kowa yana da rukuni, ba wanda za a nuna da yatsa.

A guji ɗaukar lokacin tara ko na wasanni. Kada kuma a hukunta yaro kan aikin da aka yi ba ya nan.

A fara daga inda yaro ya tsaya. In bai san sautin haruffa ba, a koma kan baƙaƙe da wasula, sa'an nan gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, sa'an nan kalmomi. A kula da haruffan da ke rikita yara, kamar b da d, da masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, da kuma tagwaye irin su sh da ts. Rubutun Hausa yana bin lafazi fiye da na Turanci, don haka yaron da Hausa ce harshensa yakan fi saurin gane sirrin haɗa baƙi a cikinta.

A nuna wa yaro ci gabansa da idonsa. A buɗe masa shafi a rubuta haruffa ko kalmomin da ya mallaka kowane mako. Yabo kuma ya zama na gaskiya, a ambaci abin da ya yi daidai: "Jiya wannan kalma ta ba ka wuya, yau ka karanta ta kai kaɗai." Mai tsokanarsa kuwa a tsawata masa nan take.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

Bulala ba ta koya wa yaro harafi ko ɗaya, sai dai ta haɗa masa karatu da tsoro. Haka nan zagi, da gori, da gwada shi da ƙanensa ko ɗan maƙwabta. Kada a mai da darasin abin barazana. Kada iyaye su kushe malamin a gaban yaro. Kada kuma a cire yarinya daga darasi a ce ai gidan miji za ta. Uwa mai karatu ita ce malamar farko ta 'ya'yanta.

IN ABIN YA ƘI CI YA ƘI CINYEWA

In an yi zango guda ana wannan ƙoƙari ba a ga canji ba, ko yaro ya fara ƙin makaranta gaba ɗaya, ko ya daina barci da cin abinci sosai, to, a sake zama da hedimasta. Ana iya sauya lokaci, ko malami, ko a riƙa taimakonsa a cikin aji. A kai maganar gaban Ƙungiyar Iyaye da Malamai, ko ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, a nemi malamin da ya sami horo kan ilmi na musamman. Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero ta Kano, duk suna horar da irin waɗannan malamai.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ke ɓuya a bayan aji yau, in gida da makaranta suka haɗa kai a kansa, shi ne gobe zai karanta wa mahaifinsa wasiƙa, ya duba wa mahaifiyarsa takardar magani. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.